Zinariyar da Ta Tsira a Ƙasar Wasu: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ya fara sha'awar tsofaffin kuɗin zinariya, ba ya jimawa sai ya ci karo da abin da zai ɗaure masa kai. Sulallan dala ashirin da Amurka ta buga a 1924 ga su nan birjik a hannun dillalai, da yawansu suna ƙyalli kamar jiya aka fito da su, alhali gwamnatin da ta buga su ta yi dokar narkar da su tun 1934. To ina suka ɓuya har wuta ba ta same su ba? A taskokin bankunan ƙasashen waje suka kwana, wasu shekara ashirin, wasu hamsin, wasu fiye da haka. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan wannan al'amari, da amsoshinsu.

Waɗanne irin sulalla ake nufi?

Kuɗin zinariya ne na hukuma, waɗanda manyan ƙasashe suka riƙa bugawa daga ƙarni na 19 zuwa farkon shekarun 1930. Guda uku ne suka fi yawo a duniya. Akwai fam na zinariya na Birtaniya, da ake kira sofarin, wanda aka fara buga irinsa na zamani a 1817. Nauyinsa ya ɗan gaza giram 8, zinariya tsantsa a cikinsa giram 7.32. Akwai farank ashirin na Faransa, da mutane ke ce wa Napoleon, mai nauyin giram 6.45. Sai mafi girmansu, dala ashirin ta Amurka, wadda su suke kira Double Eagle, wato mikiya biyu, domin dala goma ita ce mikiya ɗaya. An fara sakin ta a 1850 bayan an gano zinariya a Kalifoniya. Nauyinta giram 33.4, kashi 90 cikin ɗari zinariya, sauran jan ƙarfe don ta yi ƙwari.

Labarin ya fi fitowa fili a kan na Amurka, domin ita ce ta tattara nata da gangan ta kai su wuta. Shi ya sa za a fi jin sunanta a nan.

Me ya kai kuɗin wata ƙasa taskar bankin wata ƙasar?

A wancan zamani zinariya ita ce kuɗi, takarda kuwa alkawari ce kawai, cewa duk ranar da mai ita ya kai ta banki za a ba shi zinariya daidai abin da aka rubuta. Birtaniya ta tsaya a kan wannan tsari tun 1821, Jamus ta shiga a farkon shekarun 1870, Amurka kuma daga 1879. Tunda kowane kuɗi yana da sanannen nauyi, canji ma ya zama sananne: fam ɗaya dala 4.86 ne da 'yar ɗoriya.

Yawancin cinikin ƙasa da ƙasa da takardun bashi ake yin sa, wannan ya share wancan, zinariya tana kwance ba ta motsa ba. Sai idan ma'auni ya rinjaya, wata ƙasa ta sayo fiye da abin da ta sayar, ko masu kuɗi suka fara kwashe dukiyarsu, farashin canji ya gota da 'yan santi kaɗan, har ya zama ɗora zinariya a jirgin ruwa ya fi sauƙi ko an haɗa da kuɗin dako da inshora. A nan ne sulalla ke barin gida. Bankin da ya karɓa kuwa yana bukatarsu, domin doka ta ɗora masa ajiye zinariya a bayan takardun kuɗin da ya buga. Ajantina ta kafa ofishin canjinta a 1890, kuma a shekarun da take tura alkama da nama Turai ya cika da fam da daloli na zinariya. Kanada tun 1853 ta halatta kashe mikiyar Amurka da sofarin a ƙasarta.

An yi wasu lokuta da zinariya ta fita daga Amurka kamar ambaliya: bayan bashin da aka shirya wa Jamus a 1924, da lokacin da Faransa ta daidaita kuɗinta a 1928, sai mafi tsanani bayan Birtaniya ta saki tsarin zinariya ranar 21 ga Satumba, 1931. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Bankunan Turai suka ji tsoron kada Amurka ma ta bi sahu, cikin mako shida suka janye zinariya ta sama da dala miliyan 700. Akwai kuma wani abu da ba a cika lura da shi ba. Daga 1925 Bankin Ingila ya daina ba mutane sulalla, sai dai sandar zinariya mai nauyin oza 400, wato kusan kilo 12.5, wadda talaka ba zai iya saya ba. Faransa ma hakan ta yi daga 1928. Amurka ce babbar ƙasar da ta rage inda mutum zai miƙa takarda a ba shi tsaba, don haka duk Baturen da ke son abin ɓoyewa a gida, dalar zinariya ya nema.

Yaya ake ɗaukarsu a kai su?

Gani ya kori ji, to bari mu leƙa ɗakin da ake shirya kayan. Ana ƙirga sulallan dala ashirin guda 250 a zuba a jakar zane mai kauri, dala 5,000 ke nan, nauyinta ya ɗan haura kilo 8. A ɗaure bakin jakar a buga mata hatimi. Jaka goma ake jerawa a ƙaramar gangar katako, a cusa garin katako a tsakaninsu don kada su yi ta gugar juna, a rufe a sake buga hatimi. Ganga ɗaya dala 50,000, ƙato ɗaya ba ya ɗaga ta cikin sauƙi, sai dai a gangara ta. Duk da wannan hattara, girgizar teku tana sa sulalla su ɗan ci juna, kuma 'yan banki suna sa wannan 'yar asara a lissafin tafiya tun kafin jirgi ya tashi.

Idan kaya suka isa Landan ko Faris ko Zurik, ma'aikaci zai duba hatimi, ya ɗora jaka a ma'auni, ya rubuta nauyi a littafi. Wani lokaci a buɗe a ƙirga, wani lokaci ma'auni ya wadatar. Daga nan sai kanta, a ɗaki mai ƙofar ƙarfe.

Me ya hana bankin da ya karɓa ya narkar da su ya buga kuɗin ƙasarsa?

Wasu sun yi. Ita kanta Amurka ta saba narkar da kuɗin zinariyar wasu ƙasashe da ke shigo mata ta Niyok. Amma ga yawancin bankuna narkarwa asara ce. Sai an biya maƙera, an biya masu gwajin inganci, an jira kwanaki zinariya ba ta cikin lissafi, kuma kullum akan rasa ɗan wani abu a wuta. Ga shi kuwa tsabar da ke hannunka ta riga ta zo da shaidarta a goshi. Kowa ya san nauyin dala ashirin, kowa ya san yawan zinariyar da ke cikinta, ba a bukatar a tambayi kowa.

Sannan zinariyar da ta shigo yau tana iya fita gobe. Idan ciniki ya juya, bankin Faris ya zama shi zai biya Niyok, babu abin da ya fi masa sauƙi kamar ya mayar da jakunkunan nan yadda suka zo. Suna sauka tashar jiragen ruwa sun zama dala, a kashe su a ranar, muddin nauyinsu bai ragu ba. Sanda kuwa sai ta bi ta ofishin gwaji tukuna. Saboda haka Bankin Ingila ya riƙa ajiye kuɗin zinariyar ƙasashe daban-daban, kowanne da farashinsa, yana ɗaga shi ko ya sauke shi gwargwadon yadda yake so zinariya ta shigo ko ta tsaya.

A littafin banki kuma nauyi ake rubutawa. Tan ɗaya na sulalla da tan ɗaya na sanduna, in an cire jan ƙarfen da ke ciki, duk ɗaya ne ga akanta. Wannan shi ne abin da ya fi taɓa ni a labarin gaba ɗaya. Mutumin da ya tsare waɗannan sulalla shekara da shekaru bai taɓa duba shekarar da aka buga su ba, bai san wanda ya zana hoton da ke jikinsu ba. Amanar nauyi aka ba shi, ita ya riƙe, kuma riƙon nan nasa ne ya kawo mana su yau.

Me ya faru a Amurka a 1933?

Tattalin arziki ya durƙushe, bankuna suna ta rufewa, mutane suna tururuwa suna cire zinariya. Ranar 5 ga Afrilu, 1933, Shugaba Franklin Roosevelt ya sa hannu a umarni mai lamba 6102: kowa ya miƙa sulallan zinariya da sanduna da takardun shaidar zinariya kafin 1 ga Mayu, a biya shi da takarda a kan dala 20.67 kowace oza. Wanda ya ƙi yana iya fuskantar tarar dala 10,000, ko ɗaurin shekara goma, ko duka biyun. An bar wa kowane mutum zinariya ta dala 100, an kuma keɓe sulallan da ba a cika samu ba, masu daraja a wurin masu tara tsofaffin kuɗi.

Sai doka ta biyu ranar 30 ga Janairu, 1934, wadda ta hana sake buga kuɗin zinariya, ta ce a janye na da a mayar da su sanduna. Washegari aka ɗaga farashin oza zuwa dala 35. Shekarun da suka biyo baya wutar gidajen buga kuɗi ba ta huta ba. Har yau babban kaso na sandunan da ke Fort Knox, taskar gwamnatin Amurka da ta fara karɓar zinariya a 1937, ingancinsu kusan kashi 90 ne cikin ɗari, domin narkakkun sulalla ne da ba a tace ba.

Dokar ba ta shafi waɗanda ke waje ba ne?

Ba ta da hannun da zai kai can. Jakar da ke Zurik ko Buwenos Aires dukiyar mai ita ce, umarnin shugaban wata ƙasa bai ɗaure shi ba. Umarnin ma da kansa ya keɓe zinariyar da aka ajiye a cikin Amurka da sunan gwamnatocin waje da manyan bankunansu.

Hausawa na cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. A wannan karo barin gidan ne ya zama rufin asiri. Har riba masu ajiyar suka ci: tsabar da aka rubuta wa dala 20 ta wayi gari zinariyar cikinta ta kai dala 33.86.

Ke nan duk wanda ya fita ya tsira?

Ina! Ai waɗanda suka tsira kaɗan ne a kan waɗanda suka salwanta. Sabon farashin dala 35, da tsoron yaƙin da ke tafe, sun sa zinariya ta yi ta kwarara zuwa Amurka daga 1934 har farkon shekarun 1940, kuma duk tsabar da ta koma hannun baitulmali makomarta tukunyar narkarwa.

Wasu kuma a wata ƙasar ajalinsu ya same su. A watan Oktoba na 1936, ana tsakiyar yaƙin basasa, gwamnatin Sifen ta ɗora kimanin tan 510 na zinariyar babban bankinta a jiragen ruwa huɗu daga Kartahena zuwa Odesa, daga can zuwa Mosko. Akwati 7,800 ne, kuma kusan dukansu sulalla ne: dalolin Amurka, fam na Ingila, farank na Faransa, da na wasu ƙasashe. An narkar da mafi yawansu. Duk lokacin da na tuna wannan sai in ji ba daɗi, domin babu wanda ya tsaya ya rubuta shekaru da ire-iren abin da ke cikin akwatunan nan dalla-dalla yadda masu tarihin kuɗi za su so.

Birtaniya ma ta ɗanɗana irin wannan ta wata fuskar. Ta biya Amurka wani ɓangare na bashin Yaƙin Duniya na Ɗaya da fam na zinariya, aka narkar da su a can. Shi ya sa sofarin bugun Landan na 1917, wanda aka buga kimanin miliyan ɗaya, ya zama abin da ake nema ruwa a jallo.

Yaƙin Duniya na Biyu fa?

Ya watsa zinariyar Turai ko'ina. A 1940 Faransa ta kwashe tata a jiragen ruwa, wata zuwa Kanada, wata zuwa tsibirin Matinik, wata zuwa Dakar, daga can aka shigar da ita cikin ƙasa har Kayes, a ƙasar Mali ta yau. Zinariyar Beljiyam da aka ba Faransa amana, kusan tan 200, ta bi wannan hanya, amma gwamnatin Vichy, wato gwamnatin Faransa da ta haɗa kai da Jamus bayan mamaya, ta miƙa ta ga Jamus, aka dawo da ita ta Sahara har Balin, aka sake narkar da ita don a ɓatar da asalinta.

A watan Afrilu na 1945 sojojin Amurka suka shiga wani ramin haƙar gishiri a Merkers, a tsakiyar Jamus. Suka fasa bangon wani ɗaki can ƙarƙashin ƙasa, sai ga jakunkuna jere a ƙasa layi-layi har ƙarshen ɗakin. Ajiyar babban bankin Jamus ce aka ɓoye. Bayan sanduna sama da dubu takwas, an ƙirga jaka 711 na sulallan dala ashirin na Amurka, ban da na fam da farank da mak na Jamus. Janar Eisenhower da kansa ya sauka ramin ranar 12 ga watan. Shekara goma sha biyu ke nan da aka hana Ba'amurke riƙe irin wannan kuɗi a gida, ga sojansa tsaye a kan ɗaruruwan jakunkunansa a ƙasar abokan gaba. Wani ɓangare na abin da aka samu a ramin kuwa dukiyar da aka ƙwace wa mutanen da aka hallaka a sansanonin Nazi ce, kuma bai kamata ƙyallin zinariya ya sa a manta da wannan ba. An kafa hukumar ƙasashe uku, Amurka da Birtaniya da Faransa, a 1946 don mayar wa bankunan da aka wawushe haƙƙinsu, ba ta rufe aikinta ba sai 1998.

Suwizalan, da yaƙi bai shiga ba, taskokinta suka fita lafiya, shi ya sa sunanta ya fi fitowa idan ana zancen inda aka samo tsofaffin sulalla.

Me ya sa na 1924 suka yi yawa, na 1927 bugun Denba kuma babu su?

Nan ne labarin ya fi daɗi. Amurka tana da gidajen buga kuɗi a Filadelfiya da Denba da San Faransisko, kuma na biyun ƙarshe suna sa ɗan harafi, D ko S, a jikin tsaba. Filadelfiya ce kusa da Niyok, inda jiragen Turai ke lodi, don haka idan aka bukaci zinariyar fitarwa nata ake ɗauka. Ta buga fiye da miliyan huɗu a 1924, kusan miliyan tara a 1928, kuma da yawa sun haye teku. Na Denba da San Faransisko na waɗannan shekaru kuwa yawanci sun zauna a taskar gwamnati a matsayin jinginar takardun kuɗi, ba su je ko'ina ba har ranar da aka zo narkarwa. An buga 180,000 a Denba a 1927. Waɗanda aka sani a yau ba su kai ashirin ba, kuma kowace ƙwaya kuɗinta ya haura dala miliyan.

Wato yawan abin da aka buga ba ya gaya maka yawan abin da ya rage. Tambayar ita ce, an fitar da su ko ba a fitar ba. Masu tara sulalla na shekarun 1940 sun sha mamaki a kan wannan. A lokacin suna ganin bugun San Faransisko na 1924 da na Denba na 1926 su ne mafi wuyar samu, suna biyan kuɗi mai tsoka a kansu. Da aka fara buɗe jakunkunan Turai a shekarun 1950 sai ga su suna fitowa, farashinsu ya faɗi, na 1927 mai harafin D kuma ya ƙi fitowa.

Na 1933 shi ne ƙarshen misali. An buga 445,500, ba a sake su ba, aka narkar da kusan duka. Ƙwaya ɗaya tak doka ta yarda wani ya mallaka, wadda ake dangantawa da Sarki Faruk na Masar, da ya samu takardar izinin fitar da irinta a 1944. An yi gwanjonta a 2002 a kan dala miliyan 7.59, aka sake a 2021 a kan miliyan 18.9. Zakaran da Allah ya nufa da cara ke nan, kuma ita ma takardar fita waje ce ta tsaya mata.

Bayan yaƙi, da aka koma ciniki da sanduna, me ya sa ba a narkar da sauran ba?

Domin a lokacin tsaba ta fi nauyinta daraja. Gaskiya ne bayan yarjejeniyar Bretton Woods ta 1944, wadda ta tsara harkar kuɗi tsakanin ƙasashe bayan yaƙi, manyan bankuna da sanduna suke biyan juna, masu nauyin kusan kilo 12.5. Amma mutanen da suka ga kuɗin takarda ya zama shara sau biyu a rayuwarsu ba sanda suke nema ba. Suna son abin da za a ɗinke a bakin riga, a ƙetare iyaka da shi, a sayar ɗaya-ɗaya. A Girka, bayan hauhawar farashi ta shekarun 1940, da sofarin ake cinikin gida da fili. A Faris, da aka buɗe kasuwar zinariya a 1948, ana sayen Napoleon da ƙari mai kauri a kan zinariyar cikinsa. Wane banki ne zai narkar da abin da ake biyansa ƙari a kansa?

Bukatar ta kai har gwamnatoci suka koma buga tsofaffin sulalla da tsohuwar shekara. Faransa ta sake buga farank ashirin mai hoton zakara tsakanin 1951 da 1960, da shekarun 1907 zuwa 1914 a jikinsu. Suwizalan ta buga nata bayan yaƙi da shekarar 1935, ta sa harafin L a gefen shekarar. Birtaniya ta yi amfani da shekarar 1925 a bugun 1949 zuwa 1951. Ostiriya har yanzu tana buga tsabarta ta zinariya da ake kira dukat da shekarar 1915. Don haka shekarar da ke jikin tsaba ba kullum take nuna ranar haihuwarta ba.

Yaushe suka fara komawa gida?

Daga shekarun 1950. A 1954 baitulmalin Amurka ya ɗauki duk kuɗin zinariyar da aka buga kafin umarnin 1933 a matsayin kayan tarihi da aka yarda a mallaka. Dillalai suka tura wakilai Faris da Zurik, suna zama a ɗakunan banki suna zazzage jaka, suna duba shekara da harafi ƙwaya bayan ƙwaya, su ware na warewa su biya ɗan ƙari. A 1962 aka tsaurara, sai da lasisi ake shigo da su. Ƙofa ba ta buɗe gaba ɗaya ba sai 31 ga Disamba, 1974, lokacin Shugaba Ford, da aka sake halatta wa Amurkawa mallakar zinariya kowace iri. Daga nan miliyoyi suka koma. Ba Turai kaɗai ba: a farkon shekarun 1980 an samu dubun dubata a El Salbado, da yawansu bugun San Faransisko, waɗanda ba su taɓa shiga hannun jama'a ba.

Me ya sa suke ƙyalli amma duk jikinsu ƙananan tabo?

Zinariya ba ta tsatsa, ba ta dusashewa, don haka shekara ɗari a duhu ba ta rage mata komai. Amma tana da taushi. Ka ɗauki dala ashirin ta 1924 ka karkata ta a gaban fitila. Hasken zai zagaya fuskarta kamar ana juya shi da hannu, alamar ba ta taɓa yawo a aljihu ba. Ka matso da ita kusa, za ka ga 'yan sare-sare a gwiwar matar da ke riƙe da tocila, da kan fiffiken mikiya a baya. Gefen 'yar'uwarta ne ya sare ta, duk lokacin da aka ɗaga jaka aka dire, ko aka zazzage don ƙirgar shekara. Wani lokaci kuma ka ga ɗan ɗigo ja-ja, jan ƙarfen da ke ciki ne ya nuna kansa.

Masu tantancewa suna ba da maki daga 1 zuwa 70, kuma yawan waɗannan tabo ne ke raba tsabar da za a saya kusa da farashin zinariya da wadda za a ninka mata kuɗi. Kada a goge su. Gogewa tana kashe hasken asali, kuma ba ya dawowa.

In an ce tsaba daga taskar bankin Turai ta fito, shi ke nan ta gaske ce kuma mai tsada?

A'a, ko ɗaya bai tabbata ba. Yawancin abin da ya fito daga taskokin nan shekaru ne na gama-gari, irin 1904 da 1924 da 1927 da 1928 bugun Filadelfiya, kuma darajarsu ba ta yi nisa da ta zinariyar cikinsu ba. Mai sayarwa da ke ƙawata labarin taska don ya ninka farashin irin waɗannan, labari yake sayar maka.

Jabu ma sun shiga jakunkuna. Saboda ƙarin da ake biya a kan tsaba, a shekarun 1950 zuwa 1970 an yi ta buga na ƙarya a Italiya da Labanan, sau da yawa da zinariya ta gaske, ribar tana cikin ƙarin ne kawai. A 1952 wata kotun Suwizalan ta ƙi miƙa wani mai buga sofarin a Milan, bisa hujjar cewa sofarin ya daina zama kuɗin kashewa. Wannan na cikin abin da ya sa Birtaniya ta koma buga shi da yawa daga 1957, don ta cika kasuwa da na gaske. Ma'auni kaɗai ba ya kama irin wannan jabu, sai idon gwani.

Babu wata hanyar tsira sai ta banki?

Akwai, amma ba ta kai ta banki yawa ba. Jirgin ruwan Central America da ya nutse a 1857 an gano shi a 1988, aka ciro dubban dala ashirin sababbi fil. A 2013 wasu ma'aurata a Kalifoniya suka tono gwangwanaye a filinsu da sulalla 1,427. Sai kuma abin da iyalai suka ɓoye suka ƙi miƙawa.

Har yanzu akwai saura a taskokin manyan bankuna?

Akwai. Bankin Faransa yana riƙe da sama da tan 2,400 na zinariya, yawancinta a wani ɗaki mai zurfin fiye da mita 25 a ƙarƙashin Faris, kuma wani ɓangare nata sulalla ne. Bankin Italiya ya bayyana cewa cikin tan 2,452 da yake da su, kimanin tan 4 sulalla ne, fiye da ƙwaya 870,000.

Sai dai dalilin da ya tsare su a da ya raunana. Kasuwar Landan ta yau tana son sanda mai ingancin aƙalla 995 cikin 1,000, kuma bankin da ke son ajiyarsa ta zama mai saurin sayarwa yana ganin sulalla a matsayin kaya masu wahalar sarrafawa. Kanada ta nuna yadda abin ke kasancewa. Tana da sulallanta na dala biyar da dala goma, bugun 1912 zuwa 1914, waɗanda aka janye da ɓarkewar Yaƙin Duniya na Ɗaya, suka kwana a taska, fiye da shekara 75 daga ciki a hannun babban bankinta. A 2012 aka buɗe jakunkunan, kimanin ƙwaya 245,000. Ma'aikata suka zauna suka duba su da hannu, suka zaɓi 30,000 mafiya kyau aka sayar wa jama'a. Sauran, fiye da dubu ɗari biyu, aka ware su don narkarwa.